Ƙwaƙwalwa da alhakin laifi: wane littafi zan fara da shi?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min. An amince min da taken furojet: ko binciken ƙwaƙwalwa na zamani zai iya sauya yadda kotu ke ɗora wa mutum alhakin laifi. Malamin da ke duba aikin ya ce babi na biyu ba nama, in je in karanta masu falsafar hankali. Ta ina zan kama? Wanda ba zai fasa min kai ba don Allah.

Abba: Wa'alaikumussalam. Determined na Robert Sapolsky, na 2023. Kina gama shi kin gama furojet.

Sadiya: Haba Abba, littafin da ya haura shafi 500? Yarinya wata biyu ya rage mata. Ummi, nemi Free Will na Sam Harris, bai kai shafi 100 ba, a zama ɗaya za ki cinye shi.

Malam Lawal: Dukansu biyun layi ɗaya suke, cewa suke mutum ba shi da zaɓi kwata-kwata. Idan su kaɗai kika karanta, ranar kare aikin za a tambaye ki ɗaya ɓangaren ki rasa ta cewa. Ki haɗa da Daniel Dennett, Allah Ya sa ki samu Freedom Evolves na 2003. Shi yana ganin ko da ƙwaƙwalwa na bin ƙa'idar sababi da musabbabi, zaɓin da ake hukunta mutum a kansa yana nan, domin mutum na jin hujja ya sauya hali. Kafin duk wannan ma, buɗe Stanford Encyclopedia of Philosophy a intanet, kyauta ne, ki karanta shafinsu na 'yancin zaɓi.

Sadiya: Malam, amma ai gwajin Libet ya riga ya kashe maganar.

Malam Lawal: Bai kashe ba, Sadiya. Abin da Benjamin Libet ya wallafa a 1983 shi ne: ya sa mutane su motsa yatsa ko wuyan hannu duk lokacin da suka ga dama, suna kallon agogo, an manna musu wayoyi a ka. Sai ya ga wata alama tana tasowa a ƙwaƙwalwa kusan rabin daƙiƙa kafin motsin, alhali mutumin bai ji ya yi niyya ba sai saura kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Shi ne aka ce ƙwaƙwalwa ta riga ka yanke shawara. To a 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka nuna cewa alamar tana iya zama hawa da saukar da ƙwaƙwalwa ke yi a kullum, ba shawara ba. Kuma motsa yatsa ba tare da dalili ba ina ya haɗu da mutumin da ya yi mako yana shirya fashi?

Ustaz Nura: Ni dai ina jan hankali. Waɗannan littattafan da ake ta turo wa yarinya, masu su da yawa ba su yarda da Allah ba, kuma maganar babu zaɓi ai Jabariyya ce, aƙidar cewa tilasta wa mutum ake yi a duk aikinsa, aka sa mata kwat. Malamanmu sun gama da ita tuntuni.

Abba: Ustaz, ba a ce ta yi imani da su ba, karantawa aka ce.

Ustaz Nura: Abba, da karatun ake farawa.

Malam Lawal: Ustaz, gaskiyarka ta wani gefen, tsohuwar muhawara ce. Shi ya sa ma zan so ta sa maganar kasbu ta Ash'ariyya a babin, wato cewa Allah ke halittar aiki amma mutum ke ɗaukar alhakin aikata shi, ta nuna mu ma mun yi wannan gardamar tun kafin a san hoton ƙwaƙwalwa. Amma hana ta karanta su ba zai yi ba, ɗalibar lauya ce.

Barista Garba: Ƙanwata Ummi, ki yi haƙuri zan yi tsawo, abin ya taɓa ni ne.

Na taɓa tsaya wa wani saurayi da ya sari maƙwabcinsa da fartanya. Duk unguwa ta san ba shi da lafiya. Uwarsa ta zo ofis da wata leda baƙa, a ciki akwai kwalayen magani da babu komai, da katin asibiti da ruwa ya taɓa har rubutun ya dishe, da igiyar da suke ɗaure shi da ita idan abin ya motsa. Wannan ledar ita ce duk hujjarmu. Kotu ta ba da umarni a kai shi likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi. Yau a ce babu mota, gobe a ce babu mai, jibi a ce likitan ya tafi taro. Yaron na tsare ba magani, duk zaman da aka kawo shi sai na ga ya ƙara lalacewa, har ya daina gane uwarsa. Da rahoton ya fito daga ƙarshe, sai ya yi bayanin halin da yake ciki ranar da aka duba shi, bai ce uffan ba kan ranar da abin ya faru. Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce to ai kotu ranar laifi take tambaya. Kuma a doka gaskiyarsa ne. Sai da muka koma neman maƙwabta da mai unguwa su zo su faɗi yadda suka gan shi a kwanakin, wasu suka ƙi zuwa don tsoron dangin wanda aka sara.

Abin da nake so ki gane, babu alƙalin da ya taɓa tambayata ko ɗan Adam na da 'yancin zaɓi. Doka ta riga ta ɗauka kowa mai hankali ne sai an tabbatar da akasin haka, kuma nauyin tabbatarwar na kan wanda ake tuhuma. Don haka fara da sashe na 51 na Final Kod, kundin dokar laifuka na Arewa: shin a lokacin da ya aikata, taɓin hankali ya hana shi sanin me yake yi, ko sanin cewa laifi ne ko ya saɓa doka? Sai ki ɗora shi kusa da sashe na 28 na Kiriminal Kod na Kudu, za ki ga can an ƙara abu guda, wato rasa ikon riƙe kai. Mutum ya san haramun ne amma ya kasa tsayawa. A wannan tazarar da ke tsakanin sassan biyu furojet ɗinki yake, domin nan ne binciken ƙwaƙwalwa ke da abin faɗa. Ki duba kundin jiharku, wasu jihohin sun sabunta nasu, lambar sashen na iya canzawa.

Tushen namu kuwa ƙa'idojin M'Naghten ne na Ingila, 1843, waɗanda aka sa wa sunan mutumin da ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel. Daga nan ta shiga kundin Indiya na 1860, ta bi ta Sudan ta iso Arewa. Littafin Okonkwo da Naish kan dokar laifuka a Nijeriya yana laburarenku, ki fara da shi. Na falsafa kuma maƙala biyu sun ishe ki: ta Joshua Greene da Jonathan Cohen ta 2004, masu cewa ilimin ƙwaƙwalwa zai sauya yadda jama'a ke kallon horo, da ta Stephen Morse ta 2006 da ya kira zuzuta hoton ƙwaƙwalwa a kotu wata cuta mai zaman kanta. Ni ina bayan Morse, ba na ɓoyewa.

Sadiya: Innalillahi. Barista, yaron fa, ya ƙare?

Barista Garba: An tabbatar da rashin lafiyar, amma ba gida aka sake shi ba, tsarewa aka ci gaba da yi da sunan magani. Uwar ba ta taɓa fahimtar yadda aka ce ba shi da laifi kuma ba a ba ta ɗanta ba.

Dakta Hauwa: Barista, a yi mana adalci kaɗan. Likitan da aka kawo wa mutum bayan shekara ba zai iya rantsuwa kan abin da bai gani ba. Kuma hoton ƙwaƙwalwa ba ya nuna niyya, ƙari ko rauni yake nunawa. Amma kar a ce ilimin bai taɓa motsa kotu ba. A 2005, a shari'ar Roper da Simmons, Kotun Ƙolin Amurka ta hana kashe wanda ya yi laifi kafin ya kai 18, kuma ƙungiyoyin likitoci sun shigar da bayani kan cewa ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama nuna ba.

Barista Garba: Dakta, ban ce laifin likita ba ne. Motar da za ta kai shi nake kuka da ita.

Abba: Ni fa har yanzu ba wanda ya ambaci David Chalmers, masanin falsafar hankali. Ya za a yi maganar sanin kai babu shi? Da Thomas Nagel mai maƙalar 1974 da ke tambayar yadda jemage yake ji a matsayinsa na jemage.

Sadiya: Abba kai da jemagen nan! Ko a zancen ƙwallo sai ka kawo shi. Akwai su cike a bishiyar ƙofar gidanku, je ka tambaye su yadda suke ji.

Abba: Ki yi dariya, amma Chalmers ya ci Christof Koch, masanin ƙwaƙwalwa, caca. Sun yi ta a 1998 kan cewa cikin shekara 25 za a gano inda sanin kai yake a ƙwaƙwalwa, 2023 ta zo ba a gano ba, Koch ya biya.

Ustaz Nura: Ga caca kuma ta shigo. Allah Ya shirye ku. Ummi, ga abin da zai amfane ki: hadisin an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya dawo hayyacinsa. Yana cikin Abu Dawud. Sannan a Muwaɗɗa, babin diyya, akwai wasiƙar Mu'awiya ga Marwan cewa babu ƙisasi a kan mahaukaci.

Dakta Hauwa: Mai barcin nan ya tuna min da Kenneth Parks na Kanada. A 1987 ya tuƙa mota kimanin kilomita 20 cikin barci, ya kashe surukarsa, uwar matarsa, kotu ta sallame shi, Kotun Ƙolinsu ta tabbatar a 1992.

Ustaz Nura: A wurinmu ba za a kashe shi ba, amma jinin ba ya tafiya a banza. Kisan kuskure ne, diyya na kan danginsa.

Abba: Tuƙi cikin barci har kilomita 20? Dakta, wannan ni ban yarda ba, lauyansa ne gwani.

Dakta Hauwa: An gwada barcinsa a asibiti, Abba, kuma ya yanke jijiyoyin hannayensa bai ji zafi ba har ya isa wurin 'yan sanda.

Abba: Duk da haka. Barista, kai da ka san kotu, da a gabanka aka kawo wannan za ka karɓa?

Barista Garba: Ina shiga kotu yanzu, sai na fito.