Fenti ya ƙi zama a rufin Land Rover, wane iri zan saya?

Salamu alaikum. Masana fentin mota, ku taimaka min. Ina Katsina, ina gyara Land Rover Series III ƙirar 1978 da na gada wajen Baba. Rufinta irin wanda ake kwance notuna a sauke ne, kuma na alminiyam ne, ba ƙarfe ba.

Na sauke shi, na goge da samfefa har farin ya fito, na kai wa wani mai fenti ya fesa jan fentin shimfiɗa, ya bi da fari. Ko wata biyu ba a yi ba fentin ya fara kumbura a gefen magudanar ruwa da kewayen notuna. Da farce kawai nake ɓare shi, yana tashi kamar ɓawon albasa, ƙasan kuma fes.

Mai fentin ya ce ƙurar hunturu ce. Muka sake a cikin gareji, ƙofa rufe, muka wanke da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi). Haka dai ya kuma yi. Kuɗina sun tafi sau biyu, kuma ni ban yarda laifin ƙura ba ne, tunda ƙarfen bamba da aka fesa rana ɗaya ƙalau yake.

Wane fentin shimfiɗa ne ke kama alminiyam ya kuma jure ranar garin nan? Na gode.