Gashina yana karyewa da hunturu: wane mai ake ɗumamawa?

Maman Nafisa (Yamai): Assalamu alaikum. Tun da hunturu ya kama a watan Disamba gashina ya bushe, duk ranar da na yi tsifa sai mataji ya cika da gashi. An ce in riƙa ɗumama mai ina shafawa kafin wankin kai. Wane mai ya fi, kuma sau nawa a wata?

Hajiya ta Tawa: Wa alaikumus salam. Man kaɗe na wajen Gaya, wanda ba a gauraya shi da komai ba.

Yaya Balki: Ƙanwata, kafin a zo kan irin man, ki ji abin da ya same ni bara. Na ɗora man zaitun kan wuta cikin ƙaramar tukunya, na sauke, na ga ba ya hayaƙi sai na ɗauka ya huce, na tsiyaya a tsakiyar kai. Fatar ta tashi ta yi ruwa, na yi makonni ban iya kitso ba, wurin kuwa ya daɗe yana fili kafin gashi ya sake tsirowa. Mai yana ɓoye zafinsa fiye da ruwa, ido ba ya gane shi. Yanzu a kofi nake zuba cokali 2 ko 3, in tsoma kofin cikin kwanon ruwan zafi har man ya yi ɗumi, sannan in ɗiga a cikin wuyan hannuna. Idan na ji ya ciji fata ko kaɗan, sai in jira. Abu na biyu da ban sani ba a da shi ne mai ba ya shayar da gashi, riƙe danshin da ya tarar kawai yake yi, don haka sai na yayyafa ruwa tukuna, in raba gashin gida huɗu, in fi ba bakinsa mai domin can yake tsagewa. Ina rufewa da leda da tawul minti 30, in wanke.

Anti Zuwaira: Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Ni man kwakwa nake so, domin yana cikin man da ke ratsa silin gashi, ba ya tsayawa a bayansa kawai.

Hajiya ta Tawa: Iyayenmu da man shanu suka yi kitso, kuma ba su san kwakwa ba.

Anti Zuwaira: Gaskiya ne, Hajiya, amma ba su shiga taksin Yamai da rana tsaka da man shanu a kai ba.

Hajiya ta Tawa: Wanda aka soya da kyau ba ya wari, 'yata. Ɗanye kike sayowa.

Maman Abdul: Mai amosani ta yi hattara. Ƙwayar da ke jawo shi da maiƙo take rayuwa, saboda haka kwantar da man zaitun a fatar kai yana iya ƙara ƙaiƙayi. A shafa wa gashin, a bar fatar.

Maman Nafisa: Na gode ƙwarai. Yaya Balki, da wane sabulu kike fitar da man kaɗe? Sau biyu na wanke jiya, har yanzu ɗankwalina yana naso.