Wa ya taɓa tsayawa gaban sassaƙar Schlüter a Berlin? Ku ba mu labari

Ɗalibi a Berlin: Salam 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa cin karo da aikin Andreas Schlüter ya faɗa mana yadda ya ji, masassaƙin nan da Friedrich mai mulkin Brandenburg, yankin da Berlin take, ya ɗauko daga Poland a 1694. Ni dai abin da ya tsaya min a rai tsakar gidan Zeughaus ne, tsohon rumbun makaman nan na titin Unter den Linden da ya koma gidan tarihi. Daga waje hulunan ƙarfe na yaƙi ne aka sassaƙa a saman tagogi, izza zalla, amma kana shiga ciki sai ga kawuna 22 na mayaƙa suna fitar rai, wani baki a wangale, wani ido ya kafe jijiyar wuya duk ta miƙe, wani kuma har ya saki jiki. Wallahi na daɗe a tsaye na kasa ɗaga waya in ɗau hoto. A gidan ajiye bindigogin sarki fa mutumin nan ya dasa wannan.

Magini daga Damagaram: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni fadar sarki yayana ya kai ni, wadda ake ce wa Humboldt Forum yanzu, akwai tsakar gida guda mai sunan Schlüter. Da idon sana'a na je, sai da na shafa dutsen na ji sabo ne fil, nan ne aka ce min ai ta asalin bama-bamai sun ci ta a 1945 kuma gwamnatin Jamus ta Gabas ta ƙarasa rushe ta a 1950, wannan masassaƙan yanzu ne suka bi tsofaffin hotuna da guntayen da suka tsira suka sake fitar da ita. Hannun mutumin nan ba magana. Sai dai harsashin gini ne ya ba shi ciwon kai, hasumiyar da ya ɗora kusa da fadar ta fara karkacewa don ƙasar wurin yashi ce da ruwa a ƙarƙashi, a 1706 dole aka sauke ta, shi ma aka karɓe ginin fada daga hannunsa. Abin ya taɓa ni sosai, duk magini ya san irin wannan daren da ba a barci.

Ɗan Zangon Kumasi: Yallaɓai magini sannu. Tawa ta bambanta da taku. A gaban fadar Charlottenburg na ga mutum-mutumin tagulla da Schlüter ya yi na Friedrich Wilhelm, uban wancan Friedrich ɗin, yana kan doki, dokin kamar zai yi haniniya, an zuba shi a 1700, a ƙasansa kuma ga mutum huɗu ɗaure da sarƙa. Ba baƙaƙen fata ba ne, an ce alamar abokan gaba ce da aka murƙushe, amma ni raina ya ɓaci don wannan Friedrich Wilhelm ɗin shi ne ya sa aka gina ganuwar Gross Friedrichsburg a 1683 a Princes Town ta ƙasarmu Ghana, inda aka riƙa lodin bayi. Na taɓa shiga ganuwar da ƙafata, na ga ɗakunan ƙasa masu duhu. To ga gwaninta ina gani ga kuma abin da na sani, na rasa wanne zan kama.

Maman Yara: Ɗana Allah ya sanyaya maka. Ni gaskiya ban saba da kallon mutum-mutumi ba, yara ne suka ja ni babban cocin Berlin, can na ga akwatunan gawa biyu masu ruwan zinare da Schlüter ya yi, na sarauniya Sophie Charlotte da na mijinta, wato wancan Friedrich ɗin da ya zama sarki, a gefen na sarauniyar ga ƙwarangwal zaune yana rubutu a littafi, sai da tsigar jikina ta tashi na yi salati. Shin kawunan nan na Zeughaus ana iya ganinsu yanzu?

Ɗalibi a Berlin: Hajiya tun 2021 aka rufe Zeughaus ana gyara, ki duba shafinsu kafin ki fito da yara. Akwatin sarkin nan da kika gani kuma yana cikin aikinsa na ƙarshe a Berlin, sarkin ya rasu a 1713, shi kuma Schlüter ya wuce St. Petersburg wajen sarki Peter na Rasha, can ya rasu a 1714. Wanda ya je Warsaw ya ga sassaƙarsa ta fadar Krasiński don Allah ya zo ya ƙara mana.