Dan Allah a ba ni shawara: nono zai iya zuwa min ba tare da na yi ciki ba?

Maman Hafsa, Garwa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa rubutu ba sai yau da abin ya ci tura. Ƙanwata da muke ciki ɗaya Allah ya yi mata rasuwa yau kwana 19, ta haifi tagwaye mace da namiji lafiya lau, sai jini ya ɓalle mata, kafin a samo wanda za a ƙara mata rai ya yi halinsa. Yaran suna hannuna a Rumde Ajiya tunda innarmu ta tsufa, uban kuma direba ne hanyar Ngawundere, yana iya ƙoƙarinsa wlh amma madarar gwangwani ta fi ƙarfinmu, gwangwani ɗaya ba ya kai musu kwana uku, ga zafin nan na Garwa in ka haɗa madara ka ɗan ajiye sai ta juya. Hassan tun jiya yake gudawa.

Goggonmu ta zo daga Pitowa ta ce a zamaninsu in uwa ta rasu kaka ma tana sa jika a nono har ruwa ya zo, ta ce ni in gwada. Shekarata 36, yarana huɗu duk na shayar, autana na yaye shi shekara 4 ke nan, ko ɗigo babu yanzu. Shin da gaske ne ko labarin tsofaffi ne? In gaskiya ne ta ina zan fara, kuma akwai maganin da ake sha? Ina kallonsu suna wawure-wawure da baki sai in ji kamar zuciyata za ta fashe.

Adda Nas, Marwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan ta ya sa ta yi shahada, ya raya abin da ta bari. Kafin komai ƴar uwa, Hassan ki kai shi asibiti yau ɗin nan kar ki jira gobe, jaririn da bai yi wata ba gudawa tana ƙarar masa da ruwan jiki cikin awoyi kaɗan.

Maganar goggo gaskiya ce, ni aikina ke nan a ɗakin haihuwa kuma na gani da idona. Ba ciki kaɗai ke kawo nono ba, tsotso ne babban abu. In yaro ya kama kan nono yana ja, saƙo yana tafiya ƙwaƙwalwa, wani ɗan ƙulli da ke ƙasanta sai ya saki sinadari biyu, prolaktin mai haɗa ruwan da oksitosin mai sako shi. Hukumar lafiya ta duniya ma ta fitar da takarda guda a kan dawo da nono tun 1998. Ke kuma abubuwa biyu suna tare da ke: kin taɓa shayarwa, sannan yaran ƙanana ne, waɗanda ba su kai wata 3 ba sun fi saurin karɓar nono.

Amma fara da gwaji, na sida (ƙanjamau) da na ciwon hanta, kafin ki sa su. Ba zargi ba ne, duk wadda za ta shayar da ɗan da ba nata ba haka muke ce mata, don sida tana bi ta nono. In sakamako ya yi kyau sai ki riƙa sa su sau 8 zuwa 12 a kwana, kowane ɓangare kamar minti 10 zuwa 15, har da dare, kar ki ce dare na barci ne don prolaktin da dare ya fi hawa. Ki yawaita rungume su fata da fata ba riga a tsakani. Tsakanin shayarwa ki riƙa tatsa da hannu ko da ba abin da ke fita. Ɗigon farko wata kwana kaɗan take ganinsa wata sai ta yi makonni, kar ki karaya.

Abin da nake roƙonki kar ki yi shi ne rage musu madara don wai su ji yunwa su tsotsa. Ana ci gaba da ba su cikakken abincinsu, sai nonon ya fara zuwa sosai ake ragewa kaɗan-kaɗan ana duba awo duk sati, da fitsari aƙalla sau 6 a kwana. Kuma ki bar bibiron, wato kwalbar shayarwa mai bakin roba, ki koma ƙaramin kofi, ya fi sauƙin wankewa, bibiron in ba a tafasa shi ba shi ne gidan gudawa, kuma yaron da ya saba da robar yana ƙin nono.

Ummu Zara, Kuseri:
Innalillahi. ƴar uwa na yi kuka da na karanta don ni ma na bi ta nan, ɗan wana na shayar lokacin da matarsa ta kwanta ciwo wata da watanni a Njamena. Matsalar da za ki fara haɗuwa da ita yaro ya ja ya ja bai ji komai ba sai ya saki ya hau tsala kuka, ke ma ki hau kuka. Wata ma'aikaciya ce ta koya min dabara, siririn tiyon nan da ake sa wa bakwaini ta hanci, sabo a leda, bakinsa ɗaya a cikin kofin madara ɗayan a manna shi da filasta a gefen kan nono, to yana tsotsonki madarar tana shigar masa baki, shi ya ƙoshi ke kuma jikinki yana samun tsotson. In babu tiyo sai wani ya riƙa ɗiga madarar da cokali a saman nonon tana gangarowa bakinsa. Ni a sati na uku na ga fari-fari a bakinsa, wlh sai da na yi sujada.

Na sha hulba kamar ba gobe, mu nan kin san ba ma rabuwa da ita, da kunun gyaɗa da miyar zogale. Ba zan rantse miki su suka kawo ba amma sun riƙe min jiki, sai dai hulba tana sa warin gumi ki shirya. Gaskiya kuma nawa bai taɓa isarsa shi kaɗai ba, kullum da ƙarin madara har ya fara cin abinci, ke kuma biyu gare ki, don haka ko rabi kika samu kar ki raina. Ki nemi mai kama miki girki da wanki don aikin nan ba ya haɗuwa da hidimar gida.

Malam na Gidar:
Allah ya gafarta mata, ya saka miki da alheri Hajiya, wannan zumunci ne babba, Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Zan ja hankalinki kan hukunci kawai tun kafin a fara. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta auren uwar da ta shayar da ƴan uwan shan nono. A mazhabarmu ta Malikiyya ko tsotso ɗaya ne, in dai nonon ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun farko, haramci ya tabbata, Shafi'iyya ne suke cewa sai sau biyar. Kuma ba sharaɗi ba ne sai nonon haihuwa, wanda ya zo ta wannan hanyar ma hukuncinsa ɗaya.

To ma'anarsa Hassan da Hassana sun zama ƴan uwan yaranki huɗu duka da waɗanda za ki haifa nan gaba, babu auren zumunci tsakaninsu har abada, Hassana kuma ta zama muharramar maigidanki. Amma in marigayiyar tana da wasu yaran da ba su sha naki ba su abin bai shafe su ba. Ki nemi yardar maigida da ta uban yaran, a sanar da dangi, a rubuta a ajiye. Mun sha ganin an sa rana sai wata tsohuwa ta tuna an sha nono.

Maman Hafsa, Garwa:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Mun dawo daga asibiti, sun ba Hassan ruwan gishiri da sukari sun ce mu koma jibi, na kuma ba da jinin gwajin. Malam maigida ya amince, shi ne ma ya ce da ma a gidan nan za su tashi gara su tashi ƴan uwa. Adda Nas wata maƙwabciya ta kawo min sunan Motilium ta ce in saya a famasi yana kawo nono, in sha?

Adda Nas, Marwa:
A'a kar ki saya da kanki. Domperidon ke nan, asalinsa maganin amai ne, yana ɗaga prolaktin shi ya sa wasu likitoci ke rubuta shi, amma yana iya taɓa bugun zuciya, har a 2014 hukumar magunguna ta Turai ta rage adadin da ake yarda a sha. Primpéran ma haka ake yi da shi, shi kuma yana jawo wa wasu baƙin ciki da karkarwar jiki, ke da kike cikin makoki ba na so ki ƙara wa kanki. Jibi in kin koma ki tambayi likita ya auna ki, ki faɗa masa duk maganin da kike sha, musamman in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa don wasu daga cikinsu suna rage nono sai a canza miki. Ki tambaye su tiyon da Ummu Zara ta faɗa, mai lamba 5, su nuna miki yadda ake wanke shi bayan kowace shayarwa.