Hayar mota ta dogon zango ko saye, ga mai sana'ar kansa a Legas?

Mai Albasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata ita ce kai albasa, tattasai da barkono daga kasuwar Mile 12 zuwa otal-otal da gidajen abinci a Ikeja da Lekki, kuma kuɗin da nake biyan masu motar kaya ya fara cinye ribar. Wani kamfani ya yi mini tayin ƙaramar motar kaya a kan haya ta shekara uku, ina biya duk wata, idan wa'adi ya cika in mayar musu da ita ko in yi ciko ta zama tawa. Abin da na tara kuma zai iya saya mini tokumbo, wato motar hannu da aka shigo da ita daga waje, a kasuwar motoci ta Berger, sai dai zai taɓa jarina sosai. Ba ni da albashi, ciniki kuma yau da daɗi gobe babu. Wanne ya fi dacewa da ni?

Dattijon Agege:
Wa alaikumus salam, ɗana. An tsara biyan wata-wata ne domin mai albashi, wanda ya san ranar da kuɗi za su shigo masa. Kai kuwa otal yana iya karɓar kayanka ya riƙe kuɗinka makonni, alhali kamfanin haya ba ruwansa da wannan. Yawancinsu suna ɗaura wa motar na'urar bin sawu, wasu har suna iya kashe ta daga ofis idan ka yi jinkiri, kuma idan suka ƙwace ta, abin da ka biya a baya ya tafi, domin a takarda kuɗin haya ne.

Sannan ka dubi halin naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500, kuma da yake motocin nan daga waje ake shigo da su ta tashoshin Apapa da Tin Can, farashinsu ya bi ta. Wanda ya mallaki mota kafin lokacin ya wayi gari kadararsa ta ƙara kuɗi a naira duk da tsufanta, wanda yake haya kuwa mai motar ne ya ci wannan riba. Ni dai ra'ayina ka saya, ka zaɓi irin wadda kayan gyaranta suke ko'ina a kasuwar Ladipo, kuma kada ka biya ko sisi sai an tantance maka takardun kwastan.

Akanta Idi-Araba:
Baba ya faɗi gaskiya game da naira, amma da izininsa zan ɗan saɓa, domin bai lissafa abin da jarin yake haifarwa ba. Malam, idan kuɗin da za ka zuba a mota su ne kake sayen albasa da su lokacin da take araha a Aliero da Sakkwato, ka adana har ta yi tsada a ƙarshen shekara, to ka fara auna ribar da za ka rasa da ƙarin da kamfanin zai ɗora maka. Ƙarin ba kaɗan ba ne, tunda Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, kuma masu ba da haya da bashi suke sayen motocin. Ka tara kuɗin wata 36, da kafin alƙalami, da cikon ƙarshe, ka aje jimillar kusa da farashin motar a hannu.

Ka kuma karanta wanda inshora take wuyansa. Kamfanin haya ba zai yarda da ta naira 15,000 ta ƙananan motocin gida, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba. Cikakkiyar inshora zai nema, wadda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ce tun 2023 kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Ka tambayi ko akwai iyakar kilomita, da wanda zai biya idan ruwan damina na Lekki ya shiga injin. Batun haraji kuwa, ana cire kuɗin haya daga riba a matsayin ɗawainiyar sana'a, wanda ya saya kuma ana rage masa wani kaso na kuɗin motar shekara-shekara, amma duka biyun ba su amfanar kowa sai mai rubuta cinikinsa yana miƙa bayani ga hukumar haraji ta jihar Legas kafin 31 ga Maris.

Malama Ummu Hafsa:
Ina ƙara abu guda da bai kamata a tsallake ba. Idan yarjejeniyar ta ce ana ninka tara a kan wanda ya makara kuma kamfanin ne yake cinye ta, akwai matsalar riba, wato kuɗin ruwa, a ciki. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, TAJ da Lotus, suna aiki da murabaha, inda banki yake sayen motar ya sayar maka a kan farashin da aka yanke tun farko, da kuma ijara, inda motar take mallakar banki, saboda haka asarar da ba sakacinka ya jawo ba a kansa take. Wannan ba ya nufin sun fi araha, kuma su ma za su nemi bayanan asusunka na watanni, abin da yake kayar da 'yan kasuwarmu da yawa masu ciniki hannu da hannu.

Mai Albasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma kan takardar tayin, na tarar inshora da gyara duka a kaina suke, kuma jinkirin wata biyu ya ba su damar ɗauke motar. Malam Akanta, idan na yi rajistar sunan sana'ata a hukumar CAC kuma otal-otal suka riƙa biyana ta asusun sana'ar, bayanan wata nawa bankunan suka saba nema kafin su saurari batun murabaha?