Tikiti na faɗin abu ɗaya, bayanin gyaran kod na faɗin wani: ya kuke yi?

Ɗan Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna gina manhaja ga wata ƙungiyar manoman shinkafa ta wajen Argungu. Tikitin aikin, wato rubutun da ke bayyana abin da ake so a yi, ya ce a lissafa shanshera da buhu. Ina tsakar aiki sakataren ƙungiya ya kira a waya, ya ce da kilo suke so, don buhu ba ya zama daidai da buhu. Na gyara kod, na kuma gyara bayanin da ke kan buƙatar haɗewa (neman a shigar da gyarana cikin babban kod) a GitHub, shafin da muke ajiye kod, amma tikitin na bar shi yadda yake. Mai gwajinmu ta bi tikiti, ta yini guda tana neman buhu, ta dawo min da aikin wai ya lalace. Abin ya dame ni ƙwarai, domin laifina ne ba nata ba. Ku ya kuke tsare wannan?

'Yar Gusau: Wa alaikumus salam Yaya. Ni nawa ya faru a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara. Git, manhajar adana tarihin gyaran kod, ba ya buƙatar intanet kafin ka adana gyara, don haka na ci gaba da aiki a kwamfutata. Ranar da na samu fita jihar na tura, ashe an raba tikitin gida biyu a bayana. Bayanina kuwa yana ɗauke da "Closes", kalmar da ke sa GitHub ya rufe tikiti, da tsohuwar lambar tikitin. Ana haɗewa da babban reshe, wato ainihin kod ɗin da kowa ke haɗa gyaransa a ciki, GitHub ya rufe tikitin da kansa, alhali rabin aikin ko taɓa shi ba a yi ba. Sai da mai aikin ya yi ƙorafi muka gano. Tun daga nan ba na sa wannan kalma sai na sake buɗe tikiti na karanta shi daga farko. In aikin bai kammala ba, lambar kawai nake ambata.

Malamin Yawuri: Ƙanwata, kin yi daidai. Mu da Jira, manhajar bin tikitocin aiki, muke aiki. Sa lambar tikiti a sunan reshe yana haɗa su, amma haɗi ne kawai, ba ya gyara maka rubutun ko ɗaya. Shi ya sa a fayil ɗin pull_request_template.md, samfurin da ake cikewa in za a buɗe buƙatar haɗewa, muka sa tambaya: "Me ya canza daga abin da tikiti ya nema?" Mai duba kod ba ya amincewa sai an amsa ta.

Ɗan Birnin Kebbi: Malam, maganar waya fa? Can nake faɗuwa.

Malamin Yawuri: Kana ajiye waya, rubuta abin da aka ce a ƙarƙashin tikiti, da kwanan wata. Sannan ka taɓa kod.

Ɗan Birnin Kebbi: Na gode Malam. Bari in koma kan tikitin shansherar nan yanzu kafin a kira la'asar.