Mossberg 500 ko Remington 870, wace zan fara saya?

Jama'a, ina zaune a Texas, ina son sayen bindigata ta farko, irin wadda ake jan hannunta baya a tura shi gaba a ɗura harsashi. Aiki biyu nake so ta yi mini: wasan harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama ranar Asabar, da tsaron gida.

Inda na maƙale shi ne tsawon bututu. Mai inci 28 ya fi bin faifai a sama, amma a lungun ɗaki sai mai inci 18.5. Mossberg na sayar da wadda ke zuwa da duka biyun, shin sauya su na da wahala?

Ni bahago ne, makullin hana harbi na Mossberg kuwa a sama yake, inda kowane hannu zai kai. Sannan geji (ma'aunin faɗin ramin bututu) 12 ko 20? Uwargida ma za ta koya, ba na son bindigar ta riƙa dukan kafaɗarta in ta harba.